Kalilu Mahauci da Sikelin Riɗi

Rumfata a kasuwar Lafiya tana fuskantar layin mahauta. Kanwa nake sayarwa da gishirin Keana, kuma na daɗe a wurin, don haka yawancin abin da ya faru da Kalilu a kan idona ya faru. Wanda ban gani ba, matarsa Barira ce ta faɗa mini, ko shi da bakinsa.

Uban Kalilu daga ƙasar Katsina ya biyo shanu ya gangaro kudu. Da ya iso Lafiya ya ga ana cin nama, mahauta kuma ba su da yawa, sai ya zauna, ya auri wata Bagwandariya 'yar Kwandere. Uban ƙato ne, amma Kalilu jikin uwarsa ya ɗauko. Gajere ne, siriri, in ya tsaya bayan cinyar sa da aka rataye sai ka leƙa kafin ka gan shi. Ba ya son surutu. In ka taya nama ya ce albarka, ka ƙara ya ce albarka, in ya sallama sai kawai ka ga ya miƙo maka.

Abu biyu Allah ya sa masa a hannu. Na farko kiwon turke. Zai sayi ramammen rago wurin Fulani, wanda kowa ya raina, ya kai shi wata 'yar bukka mai duhu a bayan gidansa, ya ɗaure shi da gajeriyar igiya yadda ko zagayawa ba zai yi ba. Dusa, harawa, ƙowar wake, da ruwan kanwa don ya buɗe masa ciki. Ba shiga rana, ba yawo. In Layya ta matso ya fito da shi, sai ka rantse ba ragon nan ba ne. A wurina yake sayen kanwar.

Na biyu shi ne dambe, wanda dama gadon mahauta ne. Ga wanda bai san irin namu ba: hannu ɗaya ake naɗewa da tsumma da zare har ya yi tauri, da shi ake duka, ɗayan a buɗe yake don kare fuska. Karo uku ake yi, kowane karo ana ce masa turmi. Wanda gwiwarsa ko hannunsa ya taɓa ƙasa, an kashe shi ke nan, ko da ya miƙe yana dariya. Kuma a da ba a tambayar girman kowa. Ka fito fili ka nuna wanda kake so, in ya yarda shi ke nan.

Kalilu yana da wani salo nasa. Yakan tsaya ya bar ƙato ya kawo duka, sai ya nutse ƙasa kamar zai zauna, gwiwarsa saura kaɗan ta taɓa ƙasa amma ba ta taɓawa. Hannun ƙaton ya wuce ta samansa, shi kuwa ya taso ta ƙarƙashin hammata ya sami muƙamuƙi. Na sha kallo, ban taɓa ganin tafiyar hannunsa ba. Ƙara kawai za ka ji, sai mutum a ƙasa.

Da sa'o'insa ya fara, a wasan kaka na Shabu, har suka daina fito masa. Ya koma kan waɗanda suka fi shi jiki, mahautan Doma da na Keffi da ke zuwa bayan girbi. Daga baya sai manya, har da wani ƙaton lebura daga tashar jirgi wanda mutane suka roƙi Kalilu kada ya kara da shi, saboda hannun mutumin ya kai cinyar Kalilu kauri. Shi ma ya kwanta. A duk shekarun nan gwiwar Kalilu ba ta taɓa ƙasa ba ko sau ɗaya, kuma wannan shi ne sunansa a gari. Ba shi da gona babba, ba shi da doki, gidansa ma na ciyawa ne. Amma Jatau mai kalangu, wanda ya fi kowa iya kiɗan mahauta a nan, shi kaɗai yake wa take, don a al'adar layin, babban makaɗi yana bin wanda ba a taɓa kashewa ba ne.

A wajen 1955 abin ya sauya, ta hannun Saje Torkula. Mutumin Tibi ne, tsohon soja, ya yi yaƙin Bama ya dawo ya zauna a Lafiya yana sayen riɗi daga 'yan uwansa manoma yana kai wa kanti. A soja ya koyi damben Turawa, na safar hannu. Mutumin kirki ne, abokin Kalilu ne ma, kullum a wurinsa yake sayen nama. Abin da ya tayar masa da hankali shi ne, a kakar da ta gabata wani ƙato ya karya wa wani ɗan siririn saurayi muƙamuƙi a Shabu, har yau saurayin kunu yake sha. Torkula ya zo rumfata inda dattawan mahauta ke shan inuwa, ya ce da Hausarsa ta bariki:

"Sarkin Fawa, wannan abu ba shi da kyau. A soja ba a yi haka. Kaza da kaza, akuya da akuya, sa da sa. Ana auna mutum kafin ya shiga."

Wani mahauci ya ce, "To Kalilu fa, Saje? Kazar da ke cin shanu, a wane garke za ka sa ta?"

Aka yi dariya. Torkula bai yi ba. Ya ce, "Kalilu ɗaya ne. Sauran yara fa? Uwarsu ya haife su don a fasa musu baki?"

Maganar ta shiga Sarkin Fawa, don saurayin nan ɗan ƙanwar matarsa ne. Aka yarda a gwada. Torkula ya raba 'yan dambe aji uku, ƙanana, matsakaita da manya, ya sa baduku ya ɗinka kambu uku na jar fata, irin wanda ake ɗaurawa a damtse, kowane aji da nasa. Badukun nan kuwa, da nasa tunanin, ya yi na ƙanana ɗan mitsitsi, na manya kuma ƙato mai tuntaye.

Ranar awo aka taru a kantin riɗi da hantsi. Sikelin nan ne na ƙasa, mai faffaɗan ƙarfe da ake ɗora buhu, da sanda a sama. Torkula ya sa jan fenti wuri biyu a jikin sandar. Wanda bai kai jan farko ba ƙarami ne, wanda ya wuce na biyu babba ne. Orshi akawun kantin shi ke tura ɗan ƙarfen awon. Mu dattawa muka tsaya baki buɗe, don ba mu taɓa ganin an ɗora ɗan Adam mai rai a inda ake ɗora buhu ba. Wata tsohuwa ta yi salati ta ce sayar da su za a yi wa Bature.

Muntaka ya fara hawa. Ɗan dako ne a kantin, yaro ne a kan Kalilu, bai daɗe da fara dambe ba, amma in ya tsaya a ƙofa haske ba ya shiga. Da ya taka, sandar ta buga sama da ƙarfi har Orshi ya janye hannu. Ya wuce jan biyu da nisa.

Kalilu ya hau a ƙarshe. Orshi ya tura ƙarfen baya, ya ƙara turawa, ya sunkuya ya duba ko wani abu ya tokare sikelin. Sannan ya ɗago ya ce, "Bai kai jan farko ba." Mutumin da ya kwantar da ƙaton tashar jirgi, sikeli ya ce ajinsa ɗaya da samarin da ko gemu ba su fara ba. Can wani ɗan dako ya ce, "Kai, ashe ko buhun riɗi bai kai ba!" Dariya ta ɓarke. Kalilu ya sauka ya sa takalminsa ya tafi.

A wasan kakar nan ba wanda ya fito masa a ajin ƙanana. Wa zai fito? Aka ɗaura masa ɗan kambun ba tare da ya kai duka ko ɗaya ba. Muntaka kuwa ya kashe manya biyu a gaban jama'a, aka ɗaura masa mai tuntaye, 'yan dako suka ɗauke shi a ka har ƙofar kanti.

Daga nan gardama ta tashi, kuma a rumfata ta fi zama. Wane ne zakaran Lafiya? Mahauta suka ce Kalilu, a ƙirga waɗanda ya kashe. 'Yan dako suka ce wannan labarin da ne, yanzu sikeli ya nuna kowa da wurinsa, kuma a dubi kambun. Wasu suka fara cewa ai ƙartin da Kalilu ya kashe ba a auna su ba, wa ya sani ko riga ce ta sa suka yi girma. Iveren, wata mata Tibi mai sayar da sakwara a bakin kasuwa, ta ce ita dai ta san wanda ke cin malmala huɗu da wanda ke cin ɗaya. Baƙi in sun zo gari suka tambayi zakara, Muntaka ake nuna musu. Wata rana ina ji wani ya tsaya gaban teburin Kalilu ya ce, "Zakaran 'yan tsaki, yanko mini hanta." Kalilu ya yanka ya ba shi.

Ya sami Torkula ya ce a bar shi ya kara da Muntaka, ba ruwansa da sikeli. Torkula ya ce, "Abokina, in na buɗe maka ƙofa, gobe yaro goma zai bi ta ciki. Oda oda ne. Ka kai jan biyu, ni da kaina zan ɗaura maka hannu." Faɗa kawai ya yi don a rufe magana, bai zaci za a ɗauka ba.

Kalilu ya wuce kanti, ya roƙi Orshi ya nuna masa abin da ya rage. Ya hau sikeli, Orshi ya ajiye buhu a gefen ƙafarsa yana zuba riɗi a hankali har sandar ta ɗaga a jan biyu. Kalilu ya sauka ya ɗaga buhun, ya jinjina shi, ya dube shi irin kallon da yake wa ramammen rago a kasuwa. Orshi ya ce ya ji shi yana cewa, "Damina ɗaya."

Ruwan farko na sauka, Kalilu ya ɓace daga kasuwa. Ƙaninsa ya riƙe teburin, in an tambaya ya ce Yaya yana gida. Muka ɗauka zazzaɓi ne. Barira ce ke zuwa sayen kanwa, tana saye fiye da yadda suka saba. Wata rana na ce mata, "'Yar nan, bana raguna nawa maigidan ya turke haka?"

Ta dubi hagu ta dubi dama, idonta ya cika da hawaye. Ta ce, "Baba, bana ba rago ko ɗaya a gidanmu."

"To kanwar fa?"

"Ka zo ka gani da idonka. Ni bakina ya gaji."

Na rufe rumfa bayan azahar na bi ta. Ba ta kai ni ɗakinsa ba, sai ta zaga da ni bayan gida, bukkar nan ta raguna. An share ta, an shimfiɗa tabarma, an toshe ɗan tagar da tsumma. Sai da idona ya saba da duhun sannan na ga mutum a kishingiɗe, ga akussa kewaye da shi. Na ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kalilu, kai ne?"

Ya ce, "Ni ne, Baba. Sannu da zuwa. Zauna."

Muryar ce kawai tasa. Wuya ya cike, kumatu sun sauko, idanu sun shige ciki. Ya gaya mini tsarinsa kamar yana bayanin kiwon wani. Da safe kunun kanwa da ƙuli da man shanu. Da hantsi sakwarar Iveren, ana kawo masa a kwano babba, da miya mai kitse. Da rana fura da nono, da yamma tuwon shinkafa da romon ƙashi, tsakani kuma gyaɗa. Ba ya fita sai kewayawa da alwala, sallah ma a nan yake yi. Ya juyo mini baya ya ce, "Taɓa nan, Baba, wajen ƙugu." Inda mahauci ke taɓa rago ya ji ko ya yi kitse, nan ya nuna mini. Na taɓa. Yatsana ya nutse.

Barira tana tsaye a bakin ƙofa. Ta ce, "Baba, ka tambaye shi. Duk ragon da ya taɓa turkewa a ɗakin nan, ina ya ƙare? Akwai wanda ya fita ya je karo? Wuƙa ce ke jiransu, duka."

Ya ce, "Ke dai kawo furar."

"Zan kawo, Maigida. Amma na faɗa a gaban Baba."

Na ce masa ya bari haka, sunansa ya ishe shi. Ya ce, "Wane suna? Na 'yan tsaki?"

Labari ya kai kunnen Torkula, ya zo a guje. Barira ta ce da ya leƙa bukkar sai ya dafe kai da hannu biyu. Ya ce, "Kalilu, ba haka ake yi ba! A soja in mutum yana son nauyi, yana ci yana gudu, yana ɗaga ƙarfe. Nama ake so, ba kitse ba. Tashi ka zaga gari ko sau ɗaya a rana!"

Kalilu ya ce, "Saje, kai ka san soja, ni na san kiwo. Abin da ke yawo ba ya ƙiba. In na zaga gari, abin da na ci a hanya zai zube. Sikelinka yana tambayar nama ne ko kitse?"

Torkula ya ce sikeli ba ya tambaya.

"To ka bar ni da shi."

Da kaka ta yi aka sake taruwa a kanti. Kalilu ya taho a hankali cikin wata babbar riga ta aro, don nasa duk sun ƙi shiga. Ya ratsa kasuwa, mutanen da suka shekara ashirin suna sayen nama a wurinsa suna ba shi hanya suna gaishe shi kamar baƙon attajiri. Sai da Jatau ya gane tafiyarsa ya yi ihu, "Kai jama'a, Kalilu ne!" Mata suka bar kayansu suka biyo shi. Wani yana cewa kumburi ne, wani yana cewa asiri aka yi masa. Ya tuɓe rigar ya hau sikeli. Orshi ya tura ƙarfen, ya wuce jan farko, ya yi ta tafiya, ya tsaya daidai kan jan biyu, sandar ta ɗaga. Mahauta suka kaure da sowa. Torkula kuwa gumi kawai yake sharewa. Muntaka yana gefe, ya ƙura wa Kalilu ido kamar ya ga wanda aka binne ya dawo.

Aka sa wasan ranar kasuwa bayan la'asar, a filin da ke bayan mayanka. Mutanen Shabu da Kwandere sun zo, har da na Doma. Torkula ya cika alkawari, shi ya naɗa wa Kalilu hannu, zaren da ya saba isa har ya yi saura ranar sai da aka ƙara wani. Jatau ya saki take, Kalilu ya fito. Da can in ya ji taken nan yakan zagaye fili da tsalle, ƙafarsa ba ta zama wuri ɗaya. Ranar tafiya ya yi zuwa tsakiya, kafin ya isa har yana haki.

Suka tsaya, kowa ya miƙa hannun kariya. Muntaka ya daɗe bai kai duka ba, yana ja da baya, ana yi masa ihu. Daga baya ya faɗa mini tsoro yake ji, don tun yana yaro yake kallon yadda ƙarti ke faɗuwa a gaban mutumin nan. Da ihun ya yi yawa sai ya runtse ido ya kawo hannu.

Kalilu ya nutse ƙasa kamar yadda ya saba. Lokacin daidai ne, idonsa bai yi kuskure ba, hannun Muntaka ya wuce ta samansa, kafaɗa kawai ya shafa. Muka miƙe tsaye muna jiran ƙarar nan. Amma bai taso ba. Ƙafar da ta saba ɗaukar ɗan siririn mutum ta cilla shi sama, ranar ta kasa. Na ga cinyarsa tana rawa, na ga yana yunƙuri, na ga ya cije leɓe. Sai gwiwar dama ta sauka a ƙasa, a hankali, kamar mai shirin gaida surukai.

Kalangu ya tsaya. Ban taɓa jin fili mai mutane haka ya yi shiru irin na ranar ba. Ko 'yan dako ba su yi sowa ba. Muntaka ya buɗe ido ya ga Kalilu a durƙushe, ya dubi hannunsa, ya ce da ƙarfi, "Wallahi ban same shi ba! Jama'a, ban same shi ba!" Ya sunkuya zai ɗaga shi, Kalilu ya ture hannunsa. Sai da ƙaninsa da wani mahauci suka kama shi, don gwiwar ta gurɗe. Barira tana bayan mata, ba ta yi kuka ba, ta juya ta tafi gida dafa ruwan zafi.

Kwanakin da suka biyo baya ba a yi wata magana a Lafiya ba sai wannan. Ranar kasuwa ta gaba Sarkin Fawa ya zauna a rumfata da dattawa don a yanke magana, Torkula da Muntaka da Jatau duk suna nan, jama'a sun kewaye mu. Wasu suka ce ba kisa ba ne tunda ba duka. Wasu suka ce tun kakanni ba a taɓa tambayar abin da ya kai gwiwa ƙasa ba. Torkula ya miƙe, idonsa ja, ya ce:

"Ku ji lissafin soja. Mutum ya ci ƙanana, ya hau ya ci na tsakiya, ya hau ya ci manya, da ɗan jiki nasa. A bariki irin wannan mutum shi ne sama da kowa, ko ya faɗi sau ɗaya. Muntaka ya ci aji ɗaya. Kalilu ya ci uku. Faɗuwa na ran nan a ajin manya kawai za a rubuta shi. Sauran biyu yana nan tsaf."

Muntaka ya ce, "Ni na yarda. Wanda na kara da shi ma ba Yaya Kalilu ba ne. Da shi ne, da yanzu ina shan kunu."

Mahauta suka fara murna, don an sami hanyar da sunan ɗan uwansu zai tsira. Sarkin Fawa yana shirin magana sai ga Kalilu ya taho yana dogara sanda. Aka ba shi kujera, ya ƙi zama. Aka mayar masa da abin da Torkula ya ce. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce:

"Saje, na gode, Allah ya bar zumunci. Amma mutanen da na kashe a baya, ba a sikeli na kashe su ba, a fili na kashe su. Cikinsu akwai wanda santsi ya ɗauka, akwai wanda ya taka zarensa. Ba wanda ya ce a raba masa faɗuwarsa gida uku. Gwiwa ta taɓa, aka ce na kashe, na karɓa, Jatau ya kaɗa mini. Yau tawa ta taɓa, sai in ce a kawo lissafin bariki? In tawa ba ta ƙirguwa, tasu ma ba ta ƙirguwa, ka ga ban taɓa kashe kowa ba ke nan."

Torkula ya ce, "Abokina, ina so in ceci sunanka ne."

"Na sani. Bar shi yadda yake. Na kashe da yawa, an kashe ni sau ɗaya."

Sai ya juya wajen makaɗinsa. "Jatau, rataya kalangunka. Ga zakaranka can."

Wurin ya yamutse. Mahauta suka yi caa, wani na cewa ya haukace, babban makaɗin mahauta ya bi ɗan dako? Jatau ya riƙe kalangun a ƙirji ya ce, "Haba Kalilu, tun ba ka da gemu nake bin ka. Ni ban ma san me zan kaɗa masa ba." Muntaka ya durƙusa ya ce, "Yaya, don girman Allah ka rufa mini asiri, ba na so." Sarkin Fawa ya sunkuyar da kai yana jan carbi, don ya san al'adar, kuma ya san Kalilu ne a kan daidai.

Kalilu ya ce, "Tashi, Muntaka, zakara ba ya durƙuso a kasuwa. Jatau, kaɗa masa."

Jatau ya daɗe a tsaye. Sannan ya saɓa kalangun, ya taka zuwa gaban Muntaka, hawaye na bin gemunsa, ya fara laluben wani sabon take da ba wanda ya taɓa ji. Masu awon hatsi suka tsaya da mudu a hannu. Iveren ta fito daga rumfarta da muciya, ta tsaya baki buɗe.

Kalilu bai jira ƙarshen kiɗan ba. Ya juya yana ɗingishi ya tsallaka layin mahauta, ya jingine sandarsa a jikin tebur, ya ce wa ƙaninsa ya matsa. Kafin wata kakar ƙibar ta zube, ya koma kusan yadda yake, amma gwiwar ba ta koma ba, kuma bai sake naɗa zare a hannunsa ba.